Tsami Da Kanwa A Ƙasar Lambun Gida

Kowace uwargida a Talata Mafara ta san in miyar yakuwa ta cika tsami, ɗan guntun kanwa za ta jefa, nan da nan tsamin ya mutu. Ta kuma san in hannunta ya zarce, kanwar ta yi yawa, miya ta ɓaci ke nan, ta yi baƙi, ba mai shanta da daɗi. To, ƙasar da a ke shuka a kanta ita ma haka ta ke. Akwai mai tsami, akwai mai kanwa, akwai kuma wadda ta daidaita tsakani. Yawancin masu dasa gwaba da lemo da rumman a bayan gida ba su san wace iri ce tasu ba. Saboda haka sai a ga mutum yana ta zuba toka inda toka ta riga ta yi yawa, ko kuwa yana ta barbaɗa takin zamani inda takin ne ya jawo cutar tun farko.

Hasarar da ke cikin wannan ba ƙarama ba ce. Dashen gwaba ya kan yi shekara 2 ko 3 kafin a ci 'ya'yansa, na lemo ya kan fi haka daɗewa. Mutumin da ya sayi dashe, ya yi ta ɗaukar ruwa yana ba shi rani bayan rani, ya kare shi daga awaki, sa'an nan itacen ya tsaya cik da ganye rawaya, ya yi hasarar kuɗi da wahala da shekaru. Har wa yau, saboda rashin tsaro da ya sami Zamfara tun wajen 2011, mutane da yawa a ƙasar Maradun da Bakura da Mafara ba su iya zuwa gonakinsu na nesa yadda su ke so. Don haka ɗan filin da ke cikin gida ko bayan danga ya ƙara daraja, ya kamata a san halinsa.

Ma'aunin tsami

Masana suna auna tsamin ƙasa da wani ma'auni da a ke kira pH. Wani masani mutumin Danmak, sunansa Sorensen, shi ya fito da shi a 1909. Lambobinsa sun tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsakiya, watau ba tsami ba kanwa, kamar tsarkakakken ruwa. Duk abin da ya kasa 7 mai tsami ne, abin da ya wuce 7 kuwa ya karkata wajen kanwa. Ruwan lemon tsami ya kan tsaya wajen 2, ruwan sama tsakanin 5 da 6, ruwan kanwa da ruwan toka kuwa wajen 10 ko fiye.

Abin lura shi ne lambobin nan ba kamar matakan tsani su ke ba. Ƙasar da ke kan 5 ta ninka wadda ke kan 6 tsami sau 10, ta ninka wadda ke kan 7 sau 100. Don haka in malamin gona ya ce ƙasar wani ta sauko daga 6 zuwa 5, kada mai ita ya ce ai lamba ɗaya ce kurum.

Yawancin kayan lambu da itatuwan marmari sun fi jin daɗi tsakanin 6 da 7, watau ɗan tsami kaɗan wanda harshe ba ya ji. Dalili kuwa shi ne, saiwa ba ta cin abinci sai wanda ya narke cikin ruwan ƙasa, kuma a tsakanin lambobin nan ne yawancin abincin shuka ke narkewa. In ƙasa ta sauko ƙasa da 5 da rabi, sai alminiyam ya fara narkewa daga cikinta, watau irin farin ƙarfen nan mara nauyi da a ke zuba tukwane da shi. Shi kuwa dafi ne ga saiwa, yana sa ta gajarce ta yi kauri ta kasa neman ruwa. Ya kan kuma kama sinadarin da ke cikin takin sufa ya riƙe, shuka ba ta samu. In kuwa ƙasa ta haura 7 da rabi, sai sinadarin ƙarfe ya ƙi narkewa, ganye ya rasa abin da zai yi kore da shi. Ta kowace fuska dai abincin yana nan cikin ƙasa, amma kamar hatsi ne a rumbun da makullinsa ya ɓace.

Darasi daga Amurka

Akwai wani ɗan itace a Amurka da a ke kira bulubari, mai 'ya'ya ƙanana shuɗɗa kamar girman magarya. A daji ya ke fitowa da kansa. Mutane sun daɗe suna ciro shi suna dasawa a lambu, suna ba shi taki da farar ƙasa kamar yadda su ke yi wa sauran shuke-shuke, amma sai ya yi ta mutuwa, har aka ɗauka ba ya dasuwa. Wani masanin tsirrai na gwamnatin Amurka, Frederick Coville, shi ya gano asirin, ya buga sakamakon gwajinsa a 1910. Ashe itacen ƙasa mai tsami ƙwarai ya ke so, tsakanin 4 da rabi zuwa 5 da rabi, gatan da a ke yi masa shi ke kashe shi. Wata mace 'yar manomi a New Jersey, Elizabeth White, ta haɗa kai da shi, a 1916 suka kai 'ya'yan fari kasuwa. Yanzu ana nomansa a ƙasashe da yawa.

Bulubari ba itacen Zamfara ba ne, don yana bukatar sanyi, kuma zafin bazara na nan ya fi ƙarfinsa. Haka sitirobari, wanda a ke nomawa a ƙauyen Chaha kusa da Vom a tsaunukan Jos, sanyin tudun can ne ya karɓe shi. Wanda ya ga hotunansu a waya ya yi sha'awa, gwamma ya riƙe kuɗinsa. Amma darasin ya shafi kowa: abincin wani gubar wani, kuma kowane itace da irin ƙasar da ya ke so.

Ƙasa iri uku

A Mafara da Bakura da Maradun, ƙasar da mai lambu zai tarar ba ta wuce iri uku, kuma kowace da inda ta ke karkata.

Ta farko ita ce ƙasar tudu mai rairayi, inda a ke gero da dawa da gyaɗa da wake. Irin wannan a arewacin Nijeriya ta kan zo da ɗan tsami kaɗan wanda ba ya ɓarna, ƙurar hazo da ke sauka kowane hunturu ma tana taimaka mata, don tana ɗauke da abin da ke rage tsami. Amma rairayi ba shi da ƙarfin riƙe abu. Ruwan damina yana wanke shi, ana kwashe kara da harawa a kai gida ba a mayar da komai, sa'an nan a bi shi da yuriya kowace shekara. Yuriya da takin salfa, watau farin takin nan mai kama da sukari, in sun shiga ƙasa waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su kan juya su zuwa abincin shuka, a wajen juyawar nan kuwa su ke barin tsami a baya. Salfa ya fi yuriya sa tsami ninki 2 zuwa 3 in an gwada su a kan abincin da su ke bayarwa. An tabbatar da wannan a gonar gwaji ta Samaru, Zariya, inda tun 1950 aka ware fegi-fegi, waɗansu ana ba su takin zamani kaɗai, waɗansu kashin shanu, waɗansu duka biyu. Da shekaru suka yi nisa, sai aka ga fegin da ke shan takin zamani irin na salfa shi kaɗai ya yi tsami amfaninsa ya ragu, wanda a ke haɗa masa da kashin shanu kuwa ya riƙe ƙarfinsa.

Ta biyu ita ce ƙasar fadama da ta noman rani. An gama gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, da niyyar ba da ruwa ga hekta 23,000 a ƙasashen nan uku. Ba a sami filayen nan a banza ba, don a 1980 an yi tashin hankali kan diyyar gonaki har aka rasa rayuka. Haɗarin da ke bin irin wannan ƙasa dabam ne da na tudu. Kowane ruwa, ko na gulbi ko na rijiya, yana ɗauke da ɗan gishiri. In an ba gona ruwa fiye da kima, magudanar da za ta fitar da ragowar kuwa ta toshe da laka da ciyawa, sai ruwan ya kwanta kusa da fuskar ƙasa. Rana ta yi ta jan sa sama tana busar da shi, gishirin kuwa ba ya tashi, nan ya ke zama. Shekara da shekaru sai a ga farin abu a kan kunya kamar an barbaɗa gari. In gishirin irin na kanwa ne, ƙasar ta kan yi santsi in ta jiƙe, ta yi tauri kamar daɓe in ta bushe, ruwa ya kwanta bisanta ya ƙi shiga. Wannan cuta tana bin aikin ban ruwa a ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama.

Ta uku ita ce ƙasar cikin gida da bayan gida, ita ce kuwa aka fi yi wa kuskure. A nan a ke zubar da tokar murhu kullum safiya, a nan ruwan wanka da na wanki ke bi, a nan a ke tara ɓaraguzan siminti in an yi gini. Toka da sabulu da siminti duka wajen kanwa su ke ja. Da yawa kuma su kan dasa lemo ko gwaba daidai bakin rariya don ya riƙa shan ruwa kyauta. Saboda haka ƙasar gidan da aka daɗe ana zaune a ciki da wuya ta yi tsami, sai dai kanwa ta yi mata yawa. Mai gida ya ga ganye ya yi rawaya, ya tuna an ce toka taki ce, ya ƙara mata toka, ya ƙara wa Barno dawaki ke nan.

Yadda za a gane

Ganye shi ne mai ba da labari na farko, in an san karanta shi. In tsofaffin ganyaye na ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗaya har da jijiyoyinsu, sababbin na sama kuwa suna da ɗan kore, yunwa ce, taki zai yi magani. In kuwa sababbin ganyaye na kan reshe ne suka fito rawaya ko fari-fari, amma jijiyoyinsu kore shar kamar an zana raga, wannan rashin ƙarfe ne, galibi kuwa kanwa ce ta jawo, ko yawan ruwa a gindi. A nan ƙarin yuriya ba ya warkar da ganyen, binne tsofaffin ƙusoshi ma ba ya yin wani abin kirki, don ƙarfe yana nan a ƙasar, narkewa ce ba ya yi. In bakin ganye ya ƙone kamar an kara shi a wuta alhali ana ba da ruwa, a tuhumi gishiri. In shuka ta tsumbure a ƙasar tudu da ta daɗe tana shan takin zamani, aka tono saiwa aka gan ta gajera mai kauri ba gashi, a tuhumi tsami.

Akwai kuma gwaji biyu da kowa zai iya yi da kayan gida. Na farko, a ɗebi busasshiyar ƙasa cokali 2 a zuba a faranti, a matsa mata lemon tsami, a kasa kunne. In ta yi kumfa ko ta yi ƙara sii, tana cike da toka ko dutsen farar ƙasa, ta haura 7 ke nan, ba ta bukatar ko ƙwayar toka. Na biyu, a jiƙa zoɓo a ruwan sama, a sirka shi sosai har ya zama ja-ja kaɗan. A raba shi kofi biyu na gilashi, a zuba ƙasa cokali 2 a ɗaya, a motsa, a bari ta kwanta, a gwada launinsa da na ɗayan. In jan ya gushe ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore, ƙasar mai kanwa ce. Wanda ke son ya ga yadda launin ke juyawa, ya fara jefa ɗan kanwa a wani kofin dabam ya gani.

Amma fa gwajin nan biyu kanwa mai yawa kaɗai su ke nunawa. Ba su iya rarrabe ƙasar da ke kan 5 da wadda ke kan 6 da rabi, don shi kansa zoɓo mai tsami ne. Wannan sai da takardar awo mai canza launi, ko na'ura, ko ɗakin gwaji. Ana auna ƙasa a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Malamin gona na yanki ko malaman Kwalejin Aikin Gona ta Bakura za su iya nuna hanyar aikawa. Yadda a ke ɗibar ƙasar kuwa, a share saman wuri, a tona zurfin taƙi ɗaya a wurare 5 zuwa 10 cikin lambun, a haɗa a bokiti mai tsabta, a cakuɗa, a shanya a inuwa, a ɗebi rabin mudu a ƙulle a leda, a rubuta sunan wuri. Kada a haɗa ta bakin rariya da ta tsakiyar fili, kowace a ƙulle ta dabam. Maƙwabta 4 ko 5 suna iya haɗa kuɗi su aika tare. Tambaya rabin ilmi ce.

Maganin tsami

In an tabbata ƙasa ta yi tsami, tokar murhu ita ce magani mafi kusa. Tana kashe tsami, tana kuma ɗauke da abincin da ke sa 'ya'yan itace su cika su yi zaƙi. Amma da awo a ke ba da ita. Cikin gwangwanin madara ƙarami guda ya isa wa fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1, sau ɗaya a shekara. A tankaɗe ta, a barbaɗa ko'ina daidai, a kafce ta shiga ƙasa, mako 2 ko 3 kafin shuka ko dashe. Kada a tara ta a gindin itace. Kada a yi amfani da tokar juji inda aka ƙone leda da batir da tsumma. Kada kuma a haɗa toka da yuriya ko salfa rana ɗaya, don toka tana sa ƙarfin takin ya tashi ya bi iska, wanda ya sunsuna zai ji warin yana hawa hanci. A bar aƙalla mako 2 tsakaninsu.

Ga fili babba, garin dutsen farar ƙasa ya fi toka ƙarfi kamar ninki 2. Irin dutsen nan ne a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato a ke yin siminti da shi. Ba kowane farin gari da ke kasuwa ba ne shi, saboda haka mai saye ya ɗiga masa lemon tsami, in bai yi kumfa ba, ba shi ba ne. Yawan da za a zuba kuwa sai awo ya nuna, don laka ta kan ci ninki 2 ko 3 na abin da rairayi ke ci. Aikinsa a hankali ya ke yi, sai an yi watanni ana ruwa kafin a ga bambanci.

Wani zai ce, tun da kanwa ke kashe tsamin miya, me zai hana a zuba ta a lambu? Kada a kuskura. Gaskiya ne za ta kashe tsamin, amma gishirin da ke cikinta shi ne ainihin wanda ke daskarar da ƙasa ya hana ruwa shiga. An yi gudun gara an faɗa wa zago ke nan.

Maganin kanwa

Rage kanwa ya fi rage tsami wuya, don haka abu na farko shi ne a daina ƙara ta. A sauya wa toka wurin zubarwa, a kai ta gonar tudu inda a ke bukatarta. A karkatar da ruwan wanki daga gindin itace, a tsince ɓaraguzan siminti. A kafa randa ko duro a bakin indararo da damina, don ruwan sama ba shi da gishiri, yana ma wanke wanda ya taru.

Na biyu, a yawaita ruɓaɓɓen taki: kashin shanu da na awaki da ya kwana biyu a rami, da ganyaye, da ɓawon gyaɗa, da buntun shinkafa wanda ke tuli a wuraren casa. Sa'ad da su ke ruɓewa suna sakin ɗan tsami a hankali, suna sassauta ƙasa, suna kuma taimakon saiwa ta sami ƙarfe. Wannan shi ne magani ɗaya tak da ke amfanin ƙasa mai tsami da mai kanwa duka, ba ya kuwa ɓarna in ya ruɓe sosai. A irin wannan ƙasa kuma, in za a ba da takin zamani, salfa ya fi dacewa, don tsamin da ke aibinsa a tudu a nan alheri ne.

Na uku, akwai farar wuta. In an niƙa ta aka cakuɗa da ƙasa mai laima, ƙananan halittun nan na cikin ƙasa su kan mai da ita tsami cikin watanni. A rairayi kada a wuce giram 50 a fili mai mita 1 tsawo da faɗi, sa'an nan a jira wata 3 a sake awo kafin a ƙara. Amma in ƙasar ta yi kumfa sosai da lemon tsami, farar wuta ba za ta ci ƙarfinta ba sai an kashe kuɗi masu yawa. Gwamma a haƙa rami babba, a kwashe ƙasar, a kawo ta gona a cika.

A fadama da filayen ban ruwa, maganin farko yashe magudana ne, don ba abin da zai fitar da gishiri sai ruwa mai wucewa. Aikin gayya ne, mutum ɗaya ba ya iyawa, tun da magudanar wani ta kan bi ta gonar wani. Inda ƙasa ta riga ta daskare, ana zuba garin jifsam, wani farin dutse mai laushi da a ke samu a ƙasar Sakkwato. Shi ba ya kumfa da lemon tsami. Yana tumɓuke gishirin kanwa daga jikin laka, sa'an nan a kwarara ruwa ya tafi da shi ta magudana. In ba magudana, jifsam ma aikin banza ne. Toka da farar ƙasa kuwa a irin wannan wuri ƙara cuta su ke yi.

Zaɓen itace

Sau da yawa zaɓen itacen da ya dace da ƙasa ya fi sauya halin ƙasar sauƙi da araha. Lemo, ko na zaƙi ko na tsami, shi ne mai saurin fushi: yana son 6 zuwa 7, ba ya jure gishiri, ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa. Gwaba tana da haƙuri, ta kan yi a mai tsami, ta kan kuma jure ɗan kanwa. Rumman ya fi su duka biyu jure kanwa da fari, shi ya fi dacewa da tsohon gida. Dabino ya fi kowa jure gishiri. Cikin kayan lambu, albasa ba ta son tsami ba ta son gishiri, tumatir da tattasai suna son 6 zuwa 7, dankali da rogo kuwa su kan yi ko da ƙasa ta ɗan yi tsami.

Sai kuma magarya, wadda a ke rainawa don ana ganinta a daji. Tana jure fari da kanwa da zafin da ke kashe baƙin itatuwa. A Indiya an daɗe da zaɓo irinta masu manyan 'ya'ya, kamar wanda a ke kira Gola, mai girma kamar ƙaramin ƙwai, mai nama da ruwa. Bayan shekarar 2000 cibiyar binciken ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa dabarar ɗaura reshen irin nan a kan gindin magaryar gida, har aka yi mata laƙabi da tuffar Sahel. Gindin na gida ne, ya san ƙasar, 'ya'yan kuwa na kasuwa ne. Wanda ke da magarya a bakin danga, kafin ya sa mata gatari, ya nemi mai sana'ar dashe da ya iya aure itace.

Lokacin aiki

Watan Afrilu da Mayu su ne lokacin gwada ƙasa da haƙa rami. A yi shi ƙafa 2 zurfi, ƙafa 2 faɗi. A ware ƙasar sama gefe ɗaya, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki bokiti guda, a mayar. In ƙasar mai tsami ce a ƙara toka rabin gwangwanin madara, in ba a tabbata ba kada a sa ko kaɗan. A bar ramin ya sha ruwan fari, a yi dashe in damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. Gwaba da magarya a ba su tazarar mita 5, rumman mita 3 zuwa 4. A rufe gindi da ciyawa ko buntu don rana kada ta jawo gishiri sama, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itacen saboda gara. Da rani gwamma a ba da ruwa mai yawa sau 2 a mako da a riƙa yayyafawa kullum, don ruwa mai yawa yana tura gishiri ƙasa da saiwa, yayyafi kuwa tara shi ya ke yi a sama.

Bayan shekara 2 a sake gwada ƙasar, don halinta yana sauyawa da abin da a ke zuba mata. Akawu ko ɗan kasuwa mai littafin lissafi ya ware shafi guda ya riƙa rubuta ranar da aka ba da toka ko taki, da yawansa, da abin da aka gani bayan haka. Manomin da ba ya rubutu ya sa ɗansa ɗan makaranta ya rubuta masa. Uwargida ba ta jefa kanwa a miya sai ta ɗanɗana, mai lambu ma kada ya zuba komai sai ya gwada. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.